Yadda Ake Gane Murjanin da Ya Zama Dutse

Duwatsu iri uku ne suka fi zuwa hannun ɗalibai da masu sha'awar tara duwatsu a Katsina da Daura da sunan murjanin zamanin da. Akwai wanda ake tsinta a gona ko a bakin kududdufi, mai ramuka-ramuka a jikinsa. Akwai farin dutse mai laushi da matafiya kan zo da shi daga wajen Sakkwato. Akwai kuma gogaggen dutse mai zanen furanni da ake gani a jikin carbi ko zobe a hannun 'yan koli. Na farkon kusan kullum ba murjani ba ne, na biyun yana iya zama, na ukun kuwa sau da yawa murjani ne na gaskiya, sai dai daga wata ƙasa mai nisa ya zo. Rarrabe su ba ya buƙatar ɗakin gwaji, domin kayan aikin ba su wuce gilashin ƙara girma mai ninki goma, da rula, da tsohon buroshin goge baki, da ƙusa, da guntun kwalba, da lemun tsami ko ruwan khal, da samfefa, da littafin rubutu ba.

Kafin a shiga matakan, wajibi ne a san abin da ake nema. Murjani dabbar teku ce mai taushin jiki, bakinta ɗaya a sama, kewaye da 'yan hannuwa masu harbi waɗanda take kama abinci da su. Tana zaune cikin ƙoƙon da ta gina wa kanta da sinadarin kalsiyam kabonet da take samu daga ruwan teku, kuma duk lokacin da ta ƙara girma sai ta ɗaga sama ta yi sabon daɓe a ƙarƙashinta. Wata tana zama ita kaɗai, wasu kuma suna tsirowa daga jikin juna har su zama dubbai a gida guda. Idan dabbar ta mutu namanta yakan ruɓe nan da nan, gidan ne kawai yake saura, kuma shi ne laka ke binnewa har ya zama dutse. Saboda haka duk aikin ganewa ya ta'allaƙa ne a kan karanta fasalin wannan gida.

Mataki na farko: a tambayi inda dutsen ya fito

Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali a ƙasarmu shi ne yake warware fiye da rabin matsalar. Murjani ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, don haka ba a samun burbushinsa sai a dutsen da ya taru a ƙarƙashin teku. Mafi yawan Jihar Katsina, daga Funtuwa da Malumfashi zuwa Ƙanƙara da Dutsin-Ma, tana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, wato giranit da danginsa, waɗanda ko dai suka daskare daga narkakken dutse a can cikin ƙasa, ko kuma zafi da matsi suka sauya su gaba ɗaya. Yawancin giranit ɗin nan ya kai kimanin shekara miliyan 600, ya girmi murjani mafi tsufa da aka sani, kuma ko da bai girme shi ba, babu ƙoƙon dabbar da zai tsira a cikin narkakken dutse. Duk wanda ya ce ya fasa falalen dutse a Dutsin-Ma ya sami murjani a ciki, to wani abu dabam ya gani.

A arewacin jihar, wajen birnin Katsina da Daura, akwai wuraren da yashi da tsakuwa da yumɓu suka rufe dutsen tushen. Waɗannan shimfiɗu ne da koguna da tafkuna suka tara a kan tudu, irin su shimfiɗar Gundumi da ta Cadi. A shimfiɗar Gundumi an san ana samun itacen da ya zama dutse, amma ruwan daɗi ne ya tara ta, kuma murjani ba ya zama a ruwan daɗi.

Wuri mafi kusa da mu inda teku ya taɓa kwanciya na dogon lokaci shi ne kwarin Sakkwato, wanda yanki ne na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙa cikin Nijar da Mali. A ƙarshen zamanin tarihin ƙasa da masana ke kira Kiritashiyos da kuma zamanin Faliyosin da ya biyo baya, wani hannun teku ya ratsa inda Sahara take a yau ya malalo har can. Shi ne ya bar shimfiɗar Dukamaje, inda aka sami ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo, da shimfiɗar Dange mai ƙasusuwan kifi da kada da kunkuru, da kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina wanda ake yin siminti da shi. Dutsen Kalambaina na zamanin Faliyosin ne, tsakanin shekara miliyan 66 da miliyan 56 da suka wuce, kuma a cikinsa akwai katantanwar teku da bushiyar teku da murjani. Irin wannan dutse yana bayyana a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, da kuma Ewekoro a Jihar Ogun.

Daga nan wata ƙa'ida mai amfani ta fito. Duwatsun teku da ke bayyane a Najeriya daga zamanin Kiritashiyos suka fara, wato ba su kai shekara miliyan 150 ba. Manyan zuriyoyin murjani kuwa guda uku ne, kuma biyu na farko sun ƙare ƙaf tun kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce. Ke nan duk murjanin da aka haƙo a gurbinsa na asali a Najeriya ɗan zuriya ta uku ne, wadda har yau take raye. Idan aka ga ɗan zuriyoyin farko a Katsina, to ɗan'adam ne ya kawo shi, galibi daga Maroko, inda garuruwan Erfoud da Alnif suka shahara da cinikin burbushin halittu. Don haka a matsa wa wanda ya kawo dutsen da tambaya cikin ladabi: a ina ya samo shi, a cikin dutse ya ɓamɓaro shi ko a ƙasa ya tsinta, kuma me da me ke kusa da shi.

Mataki na biyu: wanki

A jiƙa dutsen a ruwa mai tsabta a goge shi a hankali da buroshi, sannan a duba shi yana jiƙe, domin ruwa yana fito da zanen da ƙura ke ɓoyewa. Idan dutsen mai laka-laka ne, kamar yadda wasu sassan na Kalambaina suke, kada a jiƙa shi, don yana iya marmashewa. A share shi a bushe, a yi amfani da allura wajen cire lakar da ta toshe ramuka. Kada a shafa masa mai ko fenti mai ƙyalli, saboda suna cike ƙananan ramukan da ake buƙatar gani daga baya.

Mataki na uku: a gwada sinadarin dutsen

A zaɓi gefen da babu zane, a kankare shi da ƙusa har ɗan gari ya fito, a ɗiga ruwan khal ko ruwan lemun tsami a kai, a duba da gilashi. Idan ƙananan kumfa suka taso, dutsen kalsiyam kabonet ne, wato irin sinadarin da murjani ke gini da shi. Masana ilimin ƙasa suna amfani da asid na haidirokulorik da aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100, wanda yake tafasa a fili, amma khal ya isa idan an yi garin dutsen. Ruwan batirin mota haɗari ne ga ido da fata, yana kuma ɓata fuskar dutsen, don haka kada a kusance shi da wannan aiki. A lura kuma cewa farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara yumɓun kawolin ne, ba ta tafasa, kuma ba ta da dangantaka da dutsen teku duk da farinta.

Sai gwajin tauri. Kalsayit, wato nau'in kalsiyam kabonet da ke cikin dutsen farar ƙasa, yana matsayi na 3 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ƙusa tana yi masa zane cikin sauƙi. Idan ƙusa ta kasa, shi kuma dutsen ya yi wa guntun kwalba zane, to silika ne, wato irin sinadarin da ke cikin yashi, mai matsayi na 7. Wannan bai kore murjani ba, domin akwai murjanin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya narkar da sinadarinsa na asali sannu a hankali ya maye gurbinsa da silika, fasalin kuma ya tsaya yadda yake. Amfanin gwajin shi ne ya nuna yadda za a bi da dutsen. Mai kalsayit ba a barin sa cikin khal, don zanensa zai narke, amma idan murjanin silika ne a cikin dutsen farar ƙasa, ana iya jiƙa shi a khal na kwanaki ana sauya ruwan har dutsen da ke kewaye ya narke, murjanin ya fito fili.

Mataki na huɗu: a nemi ƙoƙo da abin da ke cikinsa

Rami kaɗai ba shaida ba ne. Abin da ake nema shi ne ramuka masu tsari, masu kusan girma ɗaya, waɗanda idan an bi su cikin dutsen za a ga bututu ne masu tafiya tare zuwa fuska guda, ko masu buɗewa daga tushe ɗaya. A cikin kowane bututu akwai abubuwa huɗu da za a duba. Na farko su ne siraran bangaye a tsaye da suke tasowa daga gefen ƙoƙon suna nufar tsakiya kamar wayoyin ƙafar keke, waɗanda masana ke kira septa. Na biyu shi ne jerin daɓe a kwance, wanda ba a ganin sa sai an dubi bututun ta inda ya tsage a tsaye. Na uku wasu ƙananan faranti ne masu lanƙwasa da ke taruwa a gefen ƙoƙon, su yi kama da kumfa. Na huɗu ginshiƙi ne a tsakiyar ƙoƙon, wanda wasu ke da shi wasu kuma ba su da shi. Idan an ga septa a fili, kusan magana ta ƙare. Idan babu septa amma akwai daɓe mai tsari a cikin bututu masu faɗin milimita ɗaya zuwa sama, har yanzu murjani ne mai yiwuwa. Idan babu ko ɗaya, a ajiye zancen murjani.

A ƙasar Katsina marmara ce ta fi yaudarar mutane. Ja ce ko ruwan ƙasa, tana da ramuka da 'yan hanyoyi masu karkacewa, amma ramukan ba su da girma ɗaya, ba sa bin fuska guda, cikinsu fayau yake, kuma ba ta tafasa da khal, domin ƙarfe da alminiyam ne suka taru a cikinta bayan ruwan sama ya wanke sauran sinadaran ƙasa. Bayan ta sai kashin maƙera, wanda ake tsinta a kufai da wuraren da aka taɓa narka tama. Shi baƙi ne ko toka-toka, wani sashensa yana ƙyalli kamar gilashi, ramukansa zagayayyu ne na iskar da ta maƙale lokacin da yake narke, kuma sau da yawa yana jan maganaɗisu. Guntun tsohon suri yakan yi tauri ya yi ɗakuna-ɗakuna, amma idan an jiƙa shi yakan koma ƙasa. Itacen da ya zama dutse yana da layuka masu tsawo, wani lokaci da zobba, sai dai ramukansa ƙanana ne ƙwarai kuma babu septa a ciki. Ƙashi kuwa cikinsa saƙa ce marar tsari a ƙarƙashin ɓawo mai santsi.

A cikin dutsen teku kansa akwai wasu halittun da ke kama da murjani. Waɗanda ake kira Bryozoa suna gina gidaje masu rassa ko masu kama da raga, amma ƙofofinsu ba su cika kai milimita ɗaya ba kuma ba su da septa. Soson teku yana da ƙananan huji barkatai da babban rami a tsakiya. Dutsen da ƙwayoyin halitta suka gina hawa-hawa, wanda ake kira stromatolite, layuka ne kawai masu lanƙwasa ba tare da bututu ba.

Mataki na biyar: a tantance zuriyarsa

Zuriya ta farko ita ce Tabulata, wadda ta bayyana a zamanin Odobishiyan ta ƙare a ƙarshen zamanin Famiyan, wato kimanin shekara miliyan 252 ɗin da aka ambata. 'Ya'yanta ba sa zama su kaɗai, kullum a taro suke. Bututunsu sirara ne, daɓensu yana da yawa kuma a fili yake, septa kuwa ko babu ko kuma 'yan ƙayoyi ne gajeru. Favosites yana da ɗakuna masu kusurwa manne da juna kamar saƙar zuma, kuma idan an dubi bangon bututun da gilashi za a ga ƙananan huji da ke haɗa ɗaki da ɗaki. Halysites, na zamanin Odobishiyan da Siluriyan, ɗakunansa a jere suke kamar sarƙa. Syringopora kuwa bututu ne a ware, da 'yan ƙananan gadoji a tsakaninsu.

Zuriya ta biyu ita ce Rugosa, wadda ta yi zamani da ta farko kuma suka ƙare tare. A cikinta akwai masu zaman kaɗaici, waɗanda gidansu ya yi kama da ƙahon sa, tsini a ƙasa, faɗi a sama, ɓawonsa na waje kuma mai tamoji. Yawancinsu 'yan santimita kaɗan ne, ko da yake akwai waɗanda suka haura rabin mita. Septa ɗinsu ƙarfafa ne, dogo na bin gajere, gajere na bin dogo, tsawo biyu kawai. Sababbin septa a wurare huɗu kaɗai suke tsirowa a cikin ƙoƙon, shi ya sa idan an lura za a ga ƙoƙon ya rabu dama da hagu, sau da yawa da wani ɗan gurbi a gefe guda inda septa ɗaya ya gajarta. A ƙoƙon da ya manyanta wannan rabuwa takan ɓuya, amma tana fitowa idan an yanka kusa da tsinin. Akwai kuma masu zaman taro, irin su Lithostrotion na zamanin Kabonifaros mai ginshiƙi a tsakiyar kowane ƙoƙo, da Hexagonaria na zamanin Diboniyan, wanda Jihar Michigan ta Amurka ta ɗauki gogaggensa, dutsen Petoskey, a matsayin dutsen jiha a 1965.

Zuriya ta uku ita ce Scleractinia, wadda ta bayyana a tsakiyar zamanin Tirayasik, kimanin shekara miliyan 240 da suka wuce, bayan wani giɓi na shekaru miliyoyi da ba a ga murjani mai gini a duwatsu ba. Ita ce ke gina tsaunukan murjani na Bahar Maliya da na gabar Ostareliya a yau, ita ce kuma za a samu a Kalambaina ko Ewekoro. Septa ɗinta zagaye-zagaye suke tsirowa: shida na farko, sannan shida a tsakaninsu, sannan 12, sannan 24. Don haka idan an ƙirga jimillarsu ana yawan samun 12 ko 24 ko 48, kuma tsawonsu hawa biyu ne zuwa huɗu, na farko sun fi tsawo da kauri. Sau da yawa septa ɗin suna ɗara bakin ƙoƙon, su gangaro ta waje kamar layuka, gefensu kuma yana da 'yan haƙora. Murjani mai kwaruruka masu karkacewa irin na ƙwaƙwalwa kusan kullum ɗan wannan zuriya ne.

Akwai kuskure guda da ya kamata a kiyaye, don ɗalibai da yawa suna faɗawa cikinsa. Ƙoƙo mai kusurwa shida ba ya nufin zuriyar da septa ɗinta ke tafiya shida-shida. Kusurwa shida sakamakon cunkoso ne kawai, domin duk bututun da suka matsu da juna haka suke komawa, kuma ana ganin ta a dukkan zuriyoyin uku. Hexagonaria mai kusurwa shida ɗan Rugosa ne, Favosites mai kusurwa shida ɗan Tabulata ne. Hukunci yana kan abin da ke cikin ƙoƙon. A auna faɗin ƙoƙuna goma da rula, a ƙirga septa a cikin aƙalla biyar daga cikinsu, a rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa, domin da waɗannan alƙaluma ne masani zai iya kaiwa ga sunan jinsi. Mai koyo ya wadatu da kaiwa ga zuriya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na shida: gogewa da ɗaukar hatimi

Idan fuskar dutsen ta side har ba a ganin komai, ana goge wani gefe. A shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilashi ko tayil mai santsi, a zuba ruwa, a fara da mai lamba 220, a koma 400, sannan 600 zuwa sama, ana wanke dutsen tsakanin kowace lamba. Gogewa biyu ake so, ɗaya a gicciye don ganin septa, ɗaya a tsaye don ganin daɓe. A riƙa yin aikin da ruwa koyaushe, musamman idan dutsen silika ne, saboda ƙurarsa tana cutar da huhu. Idan samfurin guda ɗaya ne kuma cikakke, ra'ayina shi ne kada a goge shi sam, a bar wa masani ya yanke shawara.

Ga wanda ke duba dutsen Sakkwato akwai wani abu mai muhimmanci. Tabulata da Rugosa da kalsayit suka yi gini, shi kuwa yana daɗewa. Scleractinia da aragonayit take gini, wani nau'in kalsiyam kabonet dabam, wanda yake saurin narkewa ko rikiɗewa a cikin ƙasa. Sakamakon haka murjanin da ya fi ƙuruciya sau da yawa ya fi lalacewa, har a iske gidan ya narke gaba ɗaya, lakar da ta cika shi ce kawai ta rage. A irin wannan hali komai a juye yake, inda septa suke sai a ga tsaga, inda rami yake sai a ga tudu. A danna yumɓu mai laushi ko kakin zuma a cikin gurbin a zare a hankali, hatimin da ya fito zai nuna siffar dabbar ta asali, kuma a jikinsa ake ƙirga septa.

Mataki na bakwai: abin da murjanin ke faɗa game da zamaninsa

Murjani mai gina tsauni a yau yana zaune ne da wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya a cikin namansa, waɗanda ke buƙatar hasken rana su ciyar da shi. Shi ya sa yake son ruwa marar zurfi, garau, mai ɗumin da bai sauka ƙasa da digiri 18 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan aka sami manyan gidajen taro na Scleractinia a dutse, ana iya cewa wurin ya taɓa zama irin wannan teku. Amma kada a yi gaggawar faɗin haka a kan ƙaramin murjani mai zaman kaɗaici, domin akwai irinsa da yawa da ba su da waɗannan tsirrai, suna rayuwa a ruwa mai zurfi da sanyi ko a ƙasa mai laka. Siffar gidan ma tana ba da labari: dunƙulalle mai kauri yana jure igiyar ruwa, mai faɗi kamar faranti yana neman haske a inda ya yi ƙaranci, mai siraran rassa kuwa yana saurin girma da saurin karyewa. A duba ko bakin ƙoƙunan yana kallon sama a cikin shimfiɗar dutsen, alamar an binne shi a inda ya rayu, ko kuwa a kife yake gefensa a side, alamar ruwa ya gangaro da shi daga wani wuri. Lanƙwasar da ake gani a ƙahon Rugosa sau da yawa tana nuna cewa dabbar ta karkata a cikin laka mai laushi, sannan ta ci gaba da gini tana neman sama.

Game da shekaru, zuriyar tana ba da iyaka mai faɗi kawai. Ana ƙuntata ta da sauran halittun da ke cikin shimfiɗa ɗaya, musamman ƙananan halittun da sai da madubin kimiyya ake ganin su, da kuma awon sinadarai masu rikiɗa a tokar aman wuta idan akwai ta a sama ko a ƙasa. Awon kabon-14 da mutane suka fi ji ba ya wuce kimanin shekara 50,000, don haka ba shi da amfani a kan dutsen Kalambaina.

Idan ɓawon ƙahon Rugosa bai side ba, a dube shi da gilashi cikin hasken safiya da ke zuwa ta gefe. Za a ga siraran layuka masu zagaye shi, da wasu manyan tamoji a tsakani. A 1963 masani John Wells na Jami'ar Cornell ya nuna cewa siraran layukan na kwana-kwana ne, manyan kuma na shekara, ya ƙirga kimanin layi 400 a shekara a murjanin tsakiyar zamanin Diboniyan. Tunda tsawon shekara bai sauya ba, wannan yana nufin yini da dare a lokacin kimanin awa 22 ne, abin da ya dace da lissafin masana taurari cewa jan wata a kan tekuna yana rage saurin juyawar duniya sannu a hankali. Samfurin da ya adana waɗannan layuka yana da daraja ta ilimi fiye da gogagge mai ƙyalli, ko da ɗan kasuwa zai fi tsadar na biyun.

Mataki na takwas: murjanin carbi da na ado

Jan murjanin da iyayenmu mata suka sani, wanda fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da shi, ba burbushi ba ne. Ƙashin wata dabba ce mai suna Corallium rubrum da ke raye a Bahar Rum, ba shi da ƙoƙo ko septa, sai siraran layuka masu bin tsawonsa, kuma yana tafasa da khal. Idan ana zargin rini, a ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a shafa a cikin hujin. Na gaskiya ba ya zubar da launi. Ƙwayoyin carbi masu zanen furanni, ruwan toka ko ruwan zuma, su ne murjanin da ya koma silika, kuma da yawansu daga Indunusiya suke fitowa. Kowane fure ƙoƙo ɗaya ne da aka yanka a gicciye. Na gaskiya yana da sanyi da nauyi a hannu, ƙusa ba ta yi masa zane, zanen ya ratsa har cikin huji, a gefen ƙwayar kuma furen yakan miƙe ya zama layuka saboda an yanki bututun a tsaye. Idan ƙwayoyi biyu suka zo da zane iri ɗaya sak, roba ce ko gilashi da aka buga wa hoto.

Mataki na tara: rubutu da ajiya

Samfurin da ba a san inda ya fito ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi. A sa ɗigon farin fenti a gefen da babu zane, a rubuta lamba a kai, a shigar da lambar a littafi tare da kwanan wata, da sunan gari da ƙaramar hukuma, da alƙaluman wurin daga wayar hannu, da irin dutsen da ya ƙunshe shi, da sauran halittun da aka gani tare da shi. A ɗauki hoto daga sama da gefe da ƙasa, da rula a kusa. A naɗe kowane samfuri a takarda dabam, a ajiye a wuri busasshe.

Wanda zai je neman samfuri da kansa ya bincika halin tsaron hanya, ya nemi izinin mai gona da mai unguwa ko dagaci, kuma kada ya shiga wurin haƙar dutse na kamfani sai da izini da rakiya. Ya sa tabarau idan zai fasa dutse, ya ɗauki kaɗan daga abin da ya riga ya faɗo, ya bar wanda ke manne a gurbinsa. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora mallakar ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka haƙa don sayarwa ko fitarwa waje magana ce ta lasisi. Don tabbatar da suna, a kai samfurin da littafin tare zuwa sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda take da ɗakunan gwaji a Kaduna. A can ne za a iya yanka shi siriri har haske ya ratsa, a duba tsarin septa ɗinsa a ƙarƙashin madubin kimiyya.